Musayar waƙa: Korona, giɓin kasafi da kuɗin Abuja

Ɗan Ƙofar Mata:
Salamu alaikum jama'a, yau amsa-amon mu "na" ne, duk wanda ya karya shi zai sai mana shayi.

Shekarar 2020 nake tuna,
Da aka kulle Kano don korona,
Kasafin naira biliyan 206 aka tsara mana,
Ya dawo 138, aiki ya kwana.
Legas biliyan 10 Buhari ya nuna,
Ganduje ya nemi 15, ina tamu rana?

Yar Fagge:
Haba Yaya, kullum kai Abuja Abuja, to ga taka.

Abujan ma lokacin tana ƙuna,
Gangar mai a dala 57 ta auna,
Ta koma 28 don ba ta da gona,
Rijiya ta ƙafe, ka zo da tuluna?

Malam na Gwale:
Allah ya miki albarka yarinya, kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi.

Cibiyar ciniki, haka ne suna,
Dawanau na ciyar da har Kaduna,
Amma sai ƙarshen wata mu zauna,
Jiran kason tarayya ya zo mana.
Harajin gida da an tara da amana,
Da ba mu miƙa ƙoƙo ba a idon duniya.

Ɗan Kwari:
Malam da girmanka ka karya a ƙarshe, shayi ya hau kanka wallahi, kuma maganar haraji ku ma'aikata kuna faɗar ta da sauƙi ne kawai, mu da rumfa ke kulle ga azumi ga yara ga kuɗin haya ba wanda ya ɗaga mana ƙafa.

Litinin da Alhamis aka buɗe mana,
Goma zuwa huɗu, sai tsakar rana,
Atamfa na ƙura, ba mai tayawa mana,
Mudun gero kowa ke aunawa ya kwana.
Harajin me zan ba ka, Baba na?

Ɗan Bompai:
Ni dai Amurka zan leƙa muku.

Can ma jihohi sun sha fitina,
Dala biliyan 150 suka ce ta gaza mana,
Sanata McConnell ya ce ku tsiyace, ba ruwana,
Sai 2021 biliyan 350 ta zo da Biden na.

Yar Fagge:
"Biden na" kuma? Kai wannan ai jan wuya ne, shayi biyu kenan. Malam a faɗa mana wajen mai shayin da lokaci.