Ɗana ya zo na uku a ajinsu amma ba ya iya karatu, don Allah ku ba ni shawara

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kaina ya kulle, shawara nake nema. Bara waccan muka tashi daga gidan haya a cikin gari muka tare a namu can bayan gari, ko filasta ba a gama ba, saboda mai gidan ya ƙara mana kuɗi har sau biyu a shekara guda. Maigidana a Kantin Kwari yake, amma yaron shago ne, kada ku ji Kwari ku zaci wani abu. Da muka tare, surukata ta ce a sa yaran a firamaren gwamnati ta unguwar, tunda nan 'ya'yan ƙanin maigidan suke, su riƙa tafiya tare saboda tsallaka titi. Ni dai raina bai so ba, na yi shiru don a zauna lafiya, kun san zama da dangin miji.

To Khalifa yanzu yana aji huɗu. Zangon da ya wuce ya zo na uku cikin yara 94, har taliya da ƙwai na dafa masa don murna. Shekaranjiya aka kawo katin ɗaurin aure, hannuna da kumfa, na ce ya karanta min. Wallahi yaron nan ya ƙura wa katin ido, ya ce "ei", ya yi shiru, sai hawaye. Babansa ya ce a mayar da shi wata makarantar kuɗi da ke kusa, dubu 28 duk zango, ga ƙannensa biyu a bayansa. In yarda, ko in nema masa lesin, ko yaya?

Baba Hedimasta:
Wa alaikumus salam. 'Yata, ba ki faɗi shekarunsa ba, ba ki kuma ce katin da Hausa aka rubuta shi ko da Turanci ba. Na ukun nan kada ta ruɗe ki. A aji mai cunkoso malami kan rubuta tambayoyi a allo, ya karanto su da baki, yara su zaɓi A ko B, kuma tambayoyin daga abin da aka yi ta rerawa ne duk zangon. Yaro mai kaifin hadda da kyan kwafi zai zo na ɗaya ma bai san haɗa baƙi ba.

Yau ɗin nan ki gwada shi, amma ban da littafin makaranta, ya haddace shi. Ki samu farar takarda ki rubuta haruffa goma a hargitse, ki sa ɓ da ɗ da ƙ a ciki. Idan ya wuce, ki rubuta gaɓoɓi: ba, ki, tsu, ƙo, gwa. Sai kalmomi biyar irin tulu, ƙofa, rariya, gwanda, tsintsiya. Sai guda biyu marasa ma'ana, kamar "nalo" da "tebu", don a nan ake kama mai cinka. Daga nan layi huɗu na labarin gidanku da ke kika ƙirƙira. Inda ya cije, nan ne ajinsa na gaskiya. A lissafi ki ba shi 52 a ɗebe 27, ki zo ki faɗa min abin da ya rubuta.

Abban Sadiq:
Baba, da girmanka, wane gwaji kuma? Hajiya, cire shi kawai. Tsarin ilimi na ƙasa cewa ya yi malami ɗaya yara 35 a firamare, ke kina maganar 94. Ko minti ɗai-ɗai malami zai ba kowane littafi wajen maki, ya cinye awa ɗaya da rabi a darasi guda. Don haka ba ya dubawa, iyaka ya sa monita ya rubuta sunan masu surutu. A Kaduna a 2017 an yi wa malaman firamare jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa kai maki 75 cikin ɗari da aka gindaya. Tun 2004 aka yi dokar UBE ta ilimin bai-ɗaya matakin farko, wai kyauta kuma dole, a Kano an sake shelar kyauta a 2019, an ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024, amma iyaye har gobe kuɗin PTA, kuɗin jarrabawa, kuɗin tsintsiya. Masu shelar kuma 'ya'yansu ba a can suke ba.

Malama Hajiya:
Abban Sadiq, komai sai a ɗora wa malami. Malamin da aka damƙa wa yara casa'in, rabi a ƙasa kan buhu, alli ma wani lokaci da kuɗinsa zai saya? Wanda ya karanta Larabci a NCE, wato takardar shaidar malanta, a ce ya koyar da lissafi don babu wani? Iyaye kuma sai a turo yaro ƙarfe tara ba fensir ba karin kumallo, yarinya ta yi kwana biyu a aji kwana uku a talla. Ciyarwar da aka fara a 2016 ma aji ɗaya zuwa uku kawai ta shafa, kuma ta ƙara cika azuzuwan ne ba tare da an ƙara malamai ba.

Maman Khalifa, abin da za ki duba shi ne ko ajin ɗanki yana da malami tsayayye. Buɗe littattafan rubutunsa ki bi kwanan wata. Idan akwai ranakun da ba a rubuta komai ba, ko ki ga sati biyu ba jan biro, da matsala. Sannan a je makarantar ba sanarwa sau biyu: ƙarfe takwas da kwata, da kuma bayan an dawo daga hutun tara. Bayan tara ne aji ke zama ba kowa. A makaranta guda za ki tarar 4A ana karatu, 4C ana dambe. Sau da yawa canjin aji ya wadatar, kuma hedimasta na iya yin sa a rana ɗaya.

Maman Khalifa:
Na gode ƙwarai. Baba, shekararsa tara da rabi, katin kuma da Hausa ne. Na gwada shi. Haruffan ya faɗe su da Turanci, ei, bi, si, ɗ kuma ya ce di ce. Gaɓoɓin "ba" kaɗai ya iya. Lissafin ya rubuta 35. Amma fa yaron nan ba daƙiƙi ba ne, izu uku gare shi a Islamiyya, malaminsu kullum yaba shi yake. Malama, zuwa makarantar kuma gaskiya da wuya, maigidan ba ya son ina shiga cikin maza, shi kuma bakwai ya fita sai bayan isha'i.

Baba Hedimasta:
Ba wanda ya ce daƙiƙi ne. Amsoshin nan sun nuna ciwon sarai. An koya masa sunan harafi da Turanci ba a koya masa sautinsa ba. Wanda ya san "kei" da "ai" in ya haɗa "keiai" zai samu, ba "ki" ba. Talatin da biyar ɗin kuma ga yadda aka yi: ya ga 2 ba za ta ɗebe 7 ba, sai ya juya ya ɗebe 2 daga 7. Aro ne bai sani ba, don bai gane 5 ɗin nan goma sau biyar ce ba.

Maganin yana hannunki. A Islamiyya ai ya yi babbaƙu da farfaru, ya san ba da fataha, bi da kisira, bu da rufu'a. Ki ce masa boko ma haka take, sai dai wasulanta biyar ne: a, e, i, o, u. Ki yayyanka kwalin taliya ki rubuta baƙi ɗai-ɗai da wasali ɗai-ɗai. Satin farko wasula da baƙaƙe huɗu kawai, m, n, k, t. Da su zai gina mama, nama, kuka, tuta, taki, kuma ranar da ya karanta "nama" da kansa za ki ga fuskarsa. Duk sati ki ƙara huɗu ko biyar. Kada ki kawo b da d a sati guda, suna rikita yara. Ɓ, ɗ, ƙ su biyo bayan 'yan uwansu, su ts, sh, gw, ky a ƙarshe. Minti ashirin a rana, lokaci guda, bayan magariba ya fi. Awa biyu ranar Asabar ba ta kai wannan amfani ba. Bulala kuma a ajiye ta.

Lissafi, ki karya tsinken tsintsiya ki ɗaure goma-goma da kyauro. Ƙulli biyar da tsinke biyu, ki ce ya ba ki 27. Dole ya kwance ƙulli ɗaya, aron ke nan ya gani da idonsa. Sai ya yi da tsinke sau da yawa sannan a koma takarda.

Anti Nas:
Ƙari kan na Baba, a duba ido da kunne. A tsayar da shi taku shida daga kalanda, a rufe ido ɗaya, ya faɗi manyan lambobin, sannan a rufe ɗayan. Idan yana tsuke ido ko karkata kai, a kai shi asibitin ido. Kunne ma, in yana fitar da ruwa ko ya taɓa daɗewa yana yi, yaron da ke bencin baya a cikin hayaniya ba ya jin bambancin k da ƙ. A roƙi malamin ya dawo da shi gaba.

Abban Sadiq:
Baba, ni fa ban gamsu da wannan Hausar ba. Saura shekara biyu ya zana kwaman entaran, ta NECO mai kai yaro makarantun tarayya da Turanci ake yin ta, littattafan aji biyar da shida duk Turanci. A ɓata wata uku ana ma-me-mi? Makarantar kuɗi daga ranar farko Turanci za su yi masa.

Baba Hedimasta:
Turancin aku za su yi masa. Haɗa baƙi sau ɗaya ake koyonsa a rayuwa, kuma da harshen da yaro ke ji ya fi saurin kamawa. Hausa yadda aka rubuta haka ake faɗa, Turanci kuwa harafi guda sai ya yi sauti uku. Yaron da ya karanta "tulu" ya san ya yi daidai don ya san tulu. Wanda ya karanta kalmar Turanci ba ya da yadda zai gane ya yi kuskure. A gama wannan tukuna.

Malama Hajiya:
Makarantar dubu 28 ma a yi mata tambaya kafin a biya. Ƙananan nan na cikin lungu da yawa masu takardar sakandare suke ɗauka, albashin bai taka kara ya karya ba, malami ya yi zango ɗaya ya gudu. A nemi ganin takardar izininsu daga gwamnati, a tambayi malamai nawa ke da NCE, a ce a kira ɗan aji uku ya karanta abin da bai taɓa gani ba. Kuma a lissafa yunifom kala biyu, littattafan da dole a wurinsu za a saya, da kuɗin bikin ƙarshen shekara. Idan suka karɓi Khalifa a aji huɗu ba su gwada shi ba, kuɗin kawai suke so.

Kawu Mai Unguwa:
Duk kuna maganar yaro ɗaya, sauran 93 fa? Kowace firamaren gwamnati tana da kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makarantar, a ciki akwai mai unguwa, liman, wakilan mata, tsofaffin ɗalibai da hedimasta. Maman Khalifa, tunda shiga ofis ce matsalar, ki nemi wakiliyar mata, mace ce 'yar uwarki. Ku haɗu iyaye biyar zuwa goma ku rubuta takarda: aji kaza, yara kaza, kwana kaza ba malami. Kwafi biyu, a buga hatimi a ɗaya ku riƙe. In shiru, kwamitin ya kai wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, shi ke rarraba malamai, daga shi sai SUBEB, hukumar ilimin firamare ta jiha. Ƙorafin baki a ƙofar makaranta iska ke kwashe shi.

Maman Khalifa:
Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Baba, bayan magaribar nan ce ba za ta yiwu ba, lokacin nake suyar awara, da ita nake biyan kuɗin Islamiyyar, kuma ba wuta sai fitilar waya. Kawu, takardar ma ina tsoro, matar ƙanin maigidan ƙawar malamar ajin ce, kada a ce ni na kai ƙara a tsangwami yaron. Kuma ni fa tun farko raina bai so a sa shi a can ba, da babu titin nan da ban yarda ba.

Baba Hedimasta:
To bayan asuba kafin ya yi wanka. Minti ashirin ne, 'yata.

Maman Khalifa:
Asubar ai tilawa yake yi. Yanzu ma babansa ya bugo ya ce ya karɓo fom ɗin makarantar kuɗin, dubu uku, amma Hajiyarsu ta ce ba a raba mata jikoki. Wai akwai wanda ya san nawa ake biyan mai lesin na gida a wata yanzu?