Ba da gudummawar filatilet ta na'ura: wa ya cancanta, kuma akwai haɗari?

Ɗan Rigasa:
Assalamu alaikum. Ɗan yayata yana kwance a asibiti ana yi masa maganin sankarar jini, kuma likitoci sun ce ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, wato filatilet, sun yi ƙasa ƙwarai a jikinsa, don haka ana neman wanda za a ɗiba daga jikinsa ta na'ura. Ina son in bayar, amma ni AS ne, sannan nakan sha Alabukun idan kaina ya yi ciwo. Shin za a karɓe ni? Kuma jinin da ya shiga na'ura ya dawo jikin mutum ba ya cutarwa?

Ma'aikacin Ɗakin Gwaji:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ba yaron lafiya. Kasancewarka AS ba ya hana ka bayarwa a mafi yawan cibiyoyi, domin filatilet na'urar take tsamewa, ta maido maka da jajayen ƙwayoyin jininka. Abin da ya fi damuna shi ne Alabukun, saboda akwai asfirin a cikinsa, shi kuwa asfirin yana kashe ƙarfin filatilet ta yadda ba za su iya haɗuwa su toshe rauni ba. Idan aka ɗibi irin waɗannan aka saka wa yaron, an wahalar da kai, shi kuma bai samu abin da yake bukata ba. Ƙa'idar hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ita ce a yi kwana 2 cur ba a sha asfirin ba, mai shan Plavix (maganin hana daskarewar jini) kuwa sai ya yi kwana 14. Sai dai wanda likita ya ɗora a kan waɗannan magunguna saboda ciwon zuciya kada ya kuskura ya dakatar da su domin ba da jini; a nemi wani.

Kafin a haɗa ka da na'ura za a auna nauyinka, wanda bai kamata ya gaza kilo 50 ba, a duba yawan jininka, a kuma ƙirga filatilet ɗinka, domin ba a ɗiba daga wanda nasa suka gaza 150,000 a kowace maikirolita (ɗan ƙaramin ma'auni) ta jini. Zazzaɓin cizon sauro yana rage su, saboda haka idan ka yi shi kwanan nan ka faɗa. Za a kuma yi gwajin ƙanjamau, da ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere.

Maman Tagwaye:
Maigidana yana bayarwa, kuma game da tsoronka, ɗan'uwa, jinin ba ya taɓa jikin na'urar: cikin robobi sabbi fil yake bi, waɗanda ake buɗewa a gabanka a zubar bayan an gama. Abin da aka fi ji shi ne sanyi da zuƙi-zuƙi a leɓe ko yatsu, saboda sinadarin sitiret da ake haɗawa don kada jinin ya daskare yana rage kalsiyam na ɗan lokaci. Da zarar ka ji haka ka gaya wa ma'aikaciyar jinya, za ta rage gudun na'urar ta ba ka ƙwayar kalsiyam. Ka ci abinci, ka sha ruwa sosai, domin zaman yakan kai kusan awa 2. Mu matan da muka taɓa ɗaukar ciki wasu cibiyoyi sai sun yi mana ƙarin gwaji, saboda wasu sinadaran garkuwar jikinmu suna iya cutar da huhun wanda aka saka wa.

Ma'aikacin Ɗakin Gwaji:
Hajiya ta yi daidai. Abin da zan ƙara shi ne filatilet ba sa wuce kwana 5 a ajiye a yawancin wurare, mai shan maganin sankara kuwa yakan bukace su a kai a kai. Mutum ɗaya ba ya bayarwa fiye da sau 2 a mako, ko sau 24 a shekara, don haka ku tanadi 'yan'uwa uku ko huɗu da za a gwada tun yanzu.

Ɗan Rigasa:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Jiya da safe na sha Alabukun, saboda haka ƙanena ne zai fara zuwa gwaji gobe, ni kuma in bi bayansa idan kwanakin sun cika.