Yadda Land Cruiser mai injin 1HZ za ta yi ƙara mai kauri

Direban Rairayi:
Assalamu alaikum. Ina da Land Cruiser mai injin dizal 1HZ da nake shiga daji da ita, kuma ina so ƙararta ta yi kauri kamar ta motoci masu injin V8, wato mai silinda takwas. Mai walda ya ba ni shawarar a yanke tukunyar salansa a sa miƙaƙƙen bututu. Shin hakan zai biya buƙata?

Tsohon Makanike:
Wa alaikumus salam. Malam, gurnanin V8 daga tsarin injin yake fitowa, domin silinda takwas ɗin suna tura hayaƙi cikin kowane ɗaya daga ɓangarori biyu na injin a kan tazarar da ba daidai ba, alhali 1HZ mai lita 4.2 silinda shida ne a jere waɗanda bugunsu ke tafiya daidai wa daida. Saboda haka babu bututun da zai ba ka wancan sautin. Kuma tunda injinka ba shi da turbo (na'urar da hayaƙi ke juyawa don ƙara wa injin iska) da zai rage amo, cire tukunyar zai haifar da kururuwa mai sa ciwon kai a doguwar tafiya. Abin da ya fi shi ne tukunya mai miƙaƙƙen ciki wadda aka cusa wa zaren gilashi, da bututu mai faɗin inci 2.5.

Mai Hilux:
Ina goyon bayan Oga, sai dai a tabbata bakin bututun ya wuce bayan mota, domin idan ya tsaya a ƙarƙashinta hayaƙi zai riƙa shiga ciki, zafinsa kuma yana iya kunna busasshiyar ciyawa lokacin rani.