Talotalon roba: farauta ce ko yaudara?

Ɗan Jojiya: Assalamu alaikum jama'a, albishirinku. Shekara uku ina bin dajin nan na jihar Jojiya a Amurka, sai jiya Asabar Allah Ya ba ni toron talotalo na farko. Kilo tara da ɗoriya, gemunsa inci goma. Tun kafin gari ya waye na kafa macen roba da ɗan saurayin roba, wato talotalon ƙarya da ake kafawa don jawo na gaske, a bakin wata gona, taku ashirin daga gindin itacen da na jingina. Na goga akwatin kira, mai fitar da kukan macen talotalo, sau biyu na yi shiru. Ba a yi minti goma ba sai ga shi a guje, wuya ya yi jawur. Ko kallon macen bai yi ba, saurayin ya nufa, ya hau shi da duka da fiffike har robar ta karkace. Nan na yi bismilla na sake masa.

Kawu na Alabama: Wa alaikumus salam. Barka ɗana, Allah Ya sa a ci lafiya. Amma ka san ni ba na ɓoye maka gaskiya. Nama ka samu, farauta kuwa ba ka yi ba tukuna. Wanda ya kashe toro a kan roba, robar ce ta yi farautar, shi kunama kawai ya ja.

Ɗan Jojiya: Haba Kawu! Ƙarfe huɗu na dare fa na tashi. Sauro da kaska sun ci rabonsu a jikina.

Kawu na Alabama: Mai zuwa kasuwar ƙauye ma ƙarfe huɗu yake tashi. Bari in gaya maka abin da ake kira farautar bazara a ƙasar nan, don 'yan gida su fahimta. Daga Maris zuwa Mayu, sanyi ya janye, itatuwa sun yi toho, lokacin barbarar talotalon daji ke nan, kuma mai gemu kaɗai doka ta yarda a harba. A ɗabi'arsu, namiji ne yake tsayawa ya yi kuka, ya baje jela yana tinƙaho, mace ta tako ta same shi. Kai maharbi so kake ka juya wannan tsari: ka yi kukan mace har ya manta girmansa ya tako ya same ka. Shi ya sa sau tari zai zo yadi saba'in ya toge, ya yi ta kai da kawowa yana jiran ta fito, kai kuma bindigarka ba ta da tabbas in an wuce yadi arba'in. Wannan yadi talatin da ke tsakani su ne farautar. Yaushe za ka yi shiru, yaushe za ka karce busasshen ganye da hannu kamar mace na tono, ina za ka zauna tun farko yadda sai ya hau tudu zai iya leƙowa. Na taɓa zama awa uku da wani toro, ƙafata ta mutu, ƙuda na yawo a kan hancina ban isa in kore shi ba, don tsuntsun nan ko ƙiftawa ka yi da ƙarfi ya gani. Ƙarshe ya juya ya tafi abinsa. Har yau na fi tuna shi da waɗanda na ci. Roba ta share wannan duka.

Jikan Sarkin Baka: Ni daga gida nake binku, ban taɓa ganin talotalon daji ba sai na kiwo da ake sayarwa a Disamba. Amma na karanta wa kakana maganar Kawu, ya yi dariya har da tari. Ya ce in tambaye ku, kan burtu fa? Nasa yana nan rataye a ɗaki, an naɗe wuyansa da fata, da igiyar ɗaurawa a goshi. Maharbi ya ɗaura shi, ya yafa baƙin zane, ya duƙa cikin ciyawa yana tafe yana sunkuyar da kai kamar burtu na tsince-tsince, barewa na kallonsa ba ta gudu har ya kai inda kibiya za ta isa. Daga nan ma aka samo "shigar burtu". Ya ce in wannan ba farauta ba ce, to shi da ubansa da kakansa ba su taɓa farauta ba.

Ɗan Jojiya: Allah Ya ja da ran Baba! Kawu, ga amsa daga manya.

Kawu na Alabama: A gaishe min da Baba da kyau, a ce ina neman tubarraki. Amma shi ma ya san mai kan burtu gwiwarsa ce take aiki. Sai ya iya tafiyar burtu, ya san inda iska take, ya san lokacin tsayawa. In ya yi kuskure kaɗan nama ya watse. Shekara nawa Baba ya yi kafin ya iya? Robar ɗana kuwa a kanti ya saye ta, ya soka a ƙasa ya koma ya zauna.

Ɗan Jojiya: Akwatin kiran naka fa Kawu, a ina ka samo? Ba a kanti ba? Kana yi wa tsuntsu ƙarya ta kunne, ni na yi masa ta ido. Kuma in tsufan dabara ake nema, a 1924 an tono agwagin ƙarya a kogon Lovelock da ke jihar Nevada, 'yan asalin ƙasar nan suka saƙa su da ciyawar fadama suka manna musu gashin tsuntsu, sun kai wajen shekara dubu biyu. Bindiga ce baƙuwa a nan, ba mutum-mutumi ba.

Sannan ba kullum take ci ba. A bara sau biyu toro yana fitowa fili ya hango robar, ya tsaya cak, ya naɗe jela ya koma. Wanda ya sha duka a hannun manyansa, da ya ga siffar namiji sai ya kauce. Wani kuma ganin macen ne ma yake sa shi togewa, tunda ga ta a fili, ita ya kamata ta zo.

Yaya Hajiya: Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba na harbi, mai gidana ne yake yi, ni nawa figa da suya. Amma na ga kun tsaya kan wa ya fi wa iyawa, alhali hukumomin namun daji ba wannan ne ya dame su ba. Ƙanena, sake karanta abin da ka rubuta da farko. Ka ce ko kallon macen bai yi ba, saurayin ya nufa da faɗa. Wane toro ne yake yin haka? Shugaban garke. Wanda ya riga ya doke sauran maza tun ƙarshen sanyi, wanda matan yankin suka zaɓa. Da can shi ne mafi wuyar samu a farkon lokaci, don matansa na kewaye da shi, kiran Kawu ba ya ɗaga masa hankali. Robar namiji ce ta zo ta sa shi ya zama mafi sauƙi, saboda ba ya jure ganin kishiya a filinsa.

Masu bincike irin su Michael Chamberlain na Jami'ar Jojiya sun daɗe suna jan hankali a kan haka: in aka ɗauke shugaban kafin mata su gama ɗaukar barbara, ba nan take wani yake maye gurbinsa ba, sai an sake rigimar shugabanci, mata su sake zaɓe, ƙwai ya makara. Mace tana yin ƙwai goma zuwa sha biyu, kusan ɗaya a rana, ta kwanta a kai kwana 28 a ƙasa, ga macizai ga dabbobi masu shan ƙwai. Kuma a jihohin kudu maso gabas tsakin da ke rayuwa sun ragu shekara da shekaru.

Kawu na Alabama: Yauwa Hajiya, Allah Ya yi miki albarka. Shi ya sa a nan Alabama a 2022 aka hana kafa roba a kwana goma na farkon lokaci. An buɗe 25 ga Maris, roba sai 4 ga Afrilu.

Yaya Hajiya: Kada ka yi saurin murna Kawu, ban gama ba. Wannan doka ba ta ce roba yaudara ce ba, lokaci ta tsara mata. Kuma a shekarar nan ta 2022 Jojiya ba ta taɓa roba ba, sai ta rage adadi daga uku zuwa biyu ta kuma jinkirta buɗewa. Tennessee ma a 2023 ta matsar da buɗewa mako biyu. Ka ga ke nan har gwanin kira an ce ya dakata. Maganar shugaban garken ma ba duk masana suka ɗauke ta a matsayin babban dalili ba. Da yawa sun fi ɗora laifi a kan lalacewar wuraren kwanci da kiwon tsaki, da yawaitar masu cin ƙwai. Toron da Kawu ya kira da baki da wanda ƙanena ya kira da roba, duk a tukunya ɗaya suke ƙarewa.

Ɗan Jojiya: To ai ni a cikin doka nake. Lasisina a aljihu, na yi rajistar tsuntsun a waya kafin in ɗaga shi daga wurin. Kuma kuɗin irina ne ya dawo da su. Tun dokar Pittman-Robertson ta 1937 ake cire haraji a kan bindiga da harsashi ana ba jihohi don namun daji. A shekarun 1930 talotalon daji ya kusa ƙarewa. An gwada sakin na kiwo suka mutu a banza, sai da aka fara kama na daji da ragar da ake harbawa ta rufe su a farkon shekarun 1950 ana kai su wasu dazuzzuka. Yau suna jihohi 49, Alaska ce kawai babu. In aka ce sai gwani irin Kawu zai shiga daji, wa zai sayi lasisi nan da shekara ashirin? Ɗana mai shekara sha ɗaya ba zai iya zaman awa uku ba motsi. Roba tana ɗauke idon tsuntsu daga kansa har ya samu ya ɗaga bindiga, kuma tana tsayar da shi kusa, wuri ɗaya, a harbe shi a kai ya faɗi nan take. Gara haka da a yi harbin nesa ya tafi da rauni ya mutu a ƙaya.

Malam Ƙarami: Wannan ta ƙarshen ita ce ta fi shiga raina. Dabarar jawo abin farauta ba ta hana cinsa. Abin lura shi ne bismilla lokacin harbi, in kuma ka tarar da sauran rai ka yanka, kada ka tsaya ɗaukar hoto yana shure-shure. Kuma wanda zai ci ya harba, ba don gemu da jela kawai ba.

Likitan Dare: Ni duk ba wannan ba. Baban yaro, ka ce ɗanka kake zaunarwa bayan robar namiji? A gonar wa?

Ɗan Jojiya: Gonar wani abokin aikina ce, mu kaɗai ke shiga.

Likitan Dare: To da sauƙi. Don ni a dajin gwamnati na daina. Shekara biyu da suka wuce na kafa toron roba mai jelar gashin gaske, na zauna bayansa. Can sai na ji ganye na ƙara a hankali ta gabana, na ɗauka tsuntsu ne. Ashe mutum ne yake rarrafowa, bindiga a kafaɗa, bakinta a kan robar, ni kuma ina daidai bayanta a layi ɗaya. Ban ɗaga hannu ba, don motsi shi ne abin da ake hanawa, na dai buɗe murya na ce akwai mutum a nan. Ya miƙe fuskarsa ta yi fari fat, ya yi ta ba da haƙuri. Na tattara kayana hannu na rawa, ban ma iya zuge jakar ba. Ana hana mu sa ja da fari da shuɗi a daji don su ne launin kan toro, sai ga shi da hannuna na dasa kan toro a gabana.

Kuma Jikan Sarkin Baka, ka gaya wa Baba shigar burtu ta iso Amurka. Akwai masu riƙe jelar toro a baje a gaban fuska, su yi ta rarrafe a fili har su kai taku biyar da tsuntsu. Michigan ta hana, a Pennsylvania kuwa a bazara doka ta ce kira kawai, ba sanɗa.

Jikan Sarkin Baka: Na gaya masa. Ya yi shiru, sannan ya ce su a zamaninsu kowa ya san dajin da ɗan'uwansa ya shiga, kuma ba mai harbin burtu, shi ya sa kansa ya zama sutura. Ya ce wanda ya yi shigar tsuntsun da kowa ya fito nema da bindiga, a duba lafiyarsa.

Kawu na Alabama: Baba ya gama magana. Ɗana, ga sharaɗi. Kana da sauran tsuntsu ɗaya a lasisinka, ka bar shi. Ka sayi lasisin baƙi na Alabama ka taho nan Asabar mai zuwa, ka bar buhun robobin nan a bayan mota. In muka fito hannu rabbana, ni zan sayi abincin rana.

Ɗan Jojiya: Zan zo Kawu, amma da macen roba guda ɗaya a jaka. Saurayin na bar shi a gida, saboda maganar Yaya Hajiya da ta Likita, ba don taka ba. In toro ya toge a yadi saba'in har ƙarfe tara, zan fito da ita.

Kawu na Alabama: In ya toge ka fito da ita ina gani, a gabansa za ka miƙe ka kafa ta? Taho dai. Ka zo da maganin kaska, nawa ya ƙare.

Yaya Hajiya: Wanda ya samu a cikinku ya ajiye min cinyoyi. Na ga masu yanke ƙirji su yar da sauran wai ya yi tauri, alhali awa uku a wuta da daddawa da citta ya isa.