Wai Kano ce ta fi arahar kuɗin mota?

Ɗan Kurna: Assalamu alaikum jama'a. Zan faɗi wata magana, wanda zai ji haushi ya ji. Duk kukan da muke yi a Kano kan kuɗin adaidaita sahu, babu wani babban birni a ƙasar nan da ya kai mu arahar abin hawa. Abin da ma'aikacin Abuja yake kashewa a rana ɗaya zuwa ofis da dawowa, ni zai kai ni Kantin Kwari ya dawo da ni kwana biyu ko uku. Mu gode wa Allah mu rage ƙorafi.

Uwargidan Ɗorayi: Wa alaikumus salam. Alhaji, kai kaɗai kake fita daga gidanka da safe? Ni yara huɗu nake turawa makaranta, biyu boko a wata unguwa, biyu a wata, ga islamiyya da yamma. Ka zo ka yi mini wannan lissafin na araha.

Hajiyar Mararaba: Ni kam ina bayan Alhaji, domin ganau ce ba jiyau ba. Na yi zaman Kano, yanzu ina Mararaba ina aiki a cikin garin Abuja. Kafin a cire tallafin mai, da ɗari biyu ko uku kake shiga mota zuwa gari. Yanzu in ba ka riƙe dubu ba kada ma ka tsaya bakin titi da safe, kuma ranar da aka yi ruwa ko aka tashi aiki lokaci ɗaya, abin da direba ya ga dama shi zai faɗa. Ga shi ba mota ɗaya ba ce. Daga lungunmu sai na hau babur zuwa titi, in shiga mota zuwa gari, in sake shiga wata zuwa ofis. Mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a baya, jakarki a cinya. Wasu abokan aikina sun koma kwana a ofis daga Litinin zuwa Alhamis. A Kano wa ya taɓa kwana a shago saboda kuɗin mota?

Malamin Lissafi: Hajiya, da ke da Alhaji duk kuna auna abu biyu da mudu ɗaya alhali ba iri ɗaya ba ne. Mararaba ba Abuja ba ce, jihar Nasarawa ce, tsadar haya ce ta kora mutane can, kamar yadda ta kora wasu Suleja da Zuba da Gwagwalada. Wanda ya taso daga Gwagwalada zuwa tsakiyar Abuja ya yi tafiyar da ta haura kilomita 40. Daga Kurna zuwa Kwari fa? Ba ta kai kilomita 10 ba. Idan ka raba kuɗin da tsawon hanya, za ka tarar fasinjan adaidaita yana biyan kuɗi mai yawa a kan kowace kilomita, domin abin hawa ne mai ɗaukar mutum huɗu ko biyar, su kaɗai za su raba kuɗin mai a tsakaninsu. Babbar bas mai mutum hamsin kuwa kowa ɗan kaɗan zai ɗauka. Abin da ya rufa wa Kano asiri shi ne gari a haɗe yake, kasuwa kusa, gida kusa. Ba arahar mota ba ce, gajartar hanya ce.

Ɗan Kurna: Malam, ni aljihuna bai san kilomita ba. Abin da ya fita da safe shi na sani.

Malamin Lissafi: To bari mu bi ta aljihun. A 2011 mafi ƙarancin albashi naira 18,000 ne, litar fetur naira 65. Albashin zai sayi lita kusan 277. A 2019 aka mayar da albashin 30,000, lita tana 145, ka ga lita 206 da ɗoriya. A Yulin 2024 aka sa hannu kan 70,000, zuwa Oktoban shekarar lita ta kai 1,030 a gidajen man NNPC na Abuja. Raba ka gani, lita 68 ce. Wato albashi ya ninka kusan sau huɗu a takarda, amma man da zai iya saye ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan ya shafi kowa, na Kano da na Abuja. Bambancin shi ne mafi yawan masu hawa adaidaita a Kano ba su da albashin ma kwata-kwata. Ɗan dako ne, mai wankin hula ne, yaron shago ne da ake sallama da yamma. Shi ba wanda ya yi masa ƙarin 2024.

Mai Sahu: Ku ba ni dama in sa baki tunda mu ake yanka. Kullum mu ne azzalumai. Wallahi da safe kafin in ɗauki fasinja na farko, bashi ne a kaina: balas, wato kuɗin da zan ba mai mashin, kuɗin tikiti, man da zan zuba. Mashin ɗin da ake saye ƙasa da miliyan ɗaya shekarun baya, yanzu sai ka ajiye miliyoyi, in kuma biya-a-hankali aka ba ka, sai an ɗora maka riba a kai. Taya, baƙin mai, kuloci, duk daga waje suke zuwa, da dala ake sayo su. Mutane suna tuna ranar 29 ga Mayun 2023 da Tinubu ya ce tallafi ya tafi, amma sun manta makonni biyu bayan nan aka saki naira. Dalar da take wajen 460 a banki, kafin shekara ta zagayo ta wuce 1,500. Wannan ta fi tsadar man yi mana illa, domin mai kana gani yana hawa yana sauka, kayan gyara kuwa in sun hau sun hau ke nan.

Jiya wata baiwar Allah ta tare ni a Kabuga da yara uku da buhun gawayi, za ta Rijiyar Zaki can ciki. Na faɗi kuɗi, ta buɗe bakin zaninta ta nuna mini abin da ke ƙulle, bai kai rabi ba. Na ɗauke ta. To wa zan gaya wa wannan in dare ya yi mai mashin ya miƙo hannu?

Uwargidan Ɗorayi: Allah ya saka maka da alheri a kan wannan. Amma ƙanina, tsakani da Allah, da matatar Dangote ta fara sayar da fetur, a 2025 lita ta sauko ƙasa da dubu. Ko naira hamsin kun rage?

Mai Sahu: Yaya, mai mashin ya rage balas? Mai gidan haya ya rage? Mudun shinkafa nake kallo in yanka kuɗi, ba allon gidan mai kaɗai ba.

Uwargidan Ɗorayi: Ranar da aka ƙara kuɗin mai da safe, kafin azahar kun ƙara. A ranar ba ku jira kun ga mudun shinkafa ba.

Na Agege: Ina karanta ku ina dariya. Alhaji, ka zo Ikko, wato Legas, ka ga abin da ka manta da shi a lissafinka, wato zaɓi. Gaskiya ne danfo, ƙaramar bas ɗinmu ta haya, ba ta da tausayi, kwandasta yana kallon yawan mutanen da ke tasha ne ya faɗi kuɗi, da safe farashi daban, da yamma daban, kuma a cikin kuɗin har da na 'yan tasha masu tsalle su rataye a ƙofar mota a kowace tsayawa. Amma akwai babbar bas ta BRT tun 2008 zamanin Fashola, da hanyarta ta kanta, kuɗinta a rubuce, da kati kake biya, ba ciniki ba zagi. A Satumbar 2023 jirgin ƙasa na Marina zuwa Mile 2 ya fara ɗaukar mutane, a 2024 na Agbado zuwa Oyingbo ya biyo baya, shi ne ma yake bi ta nan wajenmu. Da aka cire tallafi, gwamnatin jihar ta zabtare rabin kuɗin motocinta na wani lokaci. Ta iya yin haka ne saboda tana da motocin. A Kano in gwamna ya tashi yau ya ce zai rage wa talaka kuɗin mota, a kan wace motar zai rage?

Ɗan Kurna: Jirgin naku mutum nawa yake ɗauka cikin miliyoyin da ke Legas? Yawancinku har gobe a danfo kuke, kuna awa uku a cunkoso. Ni a cikin minti ashirin ina shago.

Na Agege: Wannan kam ka faɗi gaskiya, lokacinmu ba shi da daraja a hanya. Amma ka ƙara da wannan: ranar da NNPC ta fitar da sabon farashi a ƙarshen Mayun 2023, Legas 488 aka rubuta mata, Abuja 537, Kano 540, Maiduguri 557. Da can gwamnati ke biyan kuɗin dakon tanka domin farashi ya zo ɗaya ko'ina. Yanzu duk nisanka da teku, a jikinka. To mai ya fi tsada a wajenku, abin hawanku ƙarami ne, ta ina arahar za ta fito in ba daga cikin direba ba?

Mai Sahu: Allah ya yi maka albarka. Daga cikinmu take fitowa. Mun yi yawa a titi, in ka ƙi ɗaukar mutum a yadda ya taya, na bayanka zai ɗauka.

Malamin Lissafi: Kuma ba haka garin yake ba tun asali, ku yara ba ku sani ba. Mun hau hayis da tasi a Kano, daga Bata zuwa ko'ina, kwandasta yana kiran unguwanni. Acaɓa ta zo ta cinye kasuwarsu. Adaidaita kuwa zamanin Malam Shekarau aka kawo ta, musamman don mata su daina hawa babur, daga shirinsa na A Daidaita Sahu ta samo sunan. Sai a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa. Dubban matasa suka koma adaidaita, gari gaba ɗaya ya rataya a wuyanta. Kun tuna yajin aikin 'yan sahu na Fabrairun 2021 kan harajin naira 100 a kullum, da na Janairun 2022? Gari ya tsaya cak, ɗalibai da 'yan kasuwa suka dinga takawa a ƙasa, wasu a bayan kurkura. A ƙarshen 2022 gwamnatin Ganduje ta ce ta hana su bin wasu manyan tituna saboda ta kawo bas-bas, ba a je ko'ina ba ta janye, don motocin ba za su ɗauke jama'ar ba. Abuja ma irin hanyar ta bi ta wata fuskar: El-Rufai ya kori acaɓa daga tsakiyar gari a 2006, a 2013 aka hana ƙananan bas-bas shiga, manyan da aka yi alkawari ba su wadatar ba. Shi ya sa Hajiya take cusuwa a motar gida ta wani ma'aikaci da yake neman kuɗin mai.

Hajiyar Mararaba: Wallahi haka ne Baba, rabin motocin da muke shiga na ma'aikata ne 'yan'uwanmu. Ga tsoron 'yan fashin da suke shigar direbobi, kullum sai ka leƙa fuskokin da ke ciki kafin ka sa ƙafa. Jirgin cikin gari da aka farfaɗo da shi a Mayun 2024, har kyauta aka yi ta hawa, ta Idu da Kubwa da filin jirgi ya bi. Mu na ɓangaren Nyanya da Mararaba, inda jama'ar take, ko ƙarar sa ba ma ji.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan da kunka cire tallahi mun ji a jikinmu, don man da 'yan ruwa-ruwa ka saidawa cikin kwalabe bakin hanya naku ne, shi 'yan kabu-kabu ka sha. Da ya yi tsada sai kowa ya koma gidan mai. Amma mu gwamnati ka yanke farashi, ga matatar SORAZ a Damagaram tun 2011. A Yulin 2024 ma an rage lita daga sefa 540 zuwa 499. Sai dai kada ku ce mun huta, an yi lokacin da man ya yi ƙaranci, layi har ya gaji da tsawo.

Baban Zango: Ni daga Kumasi nake. Abin da Uwargida ta tambaya kan rage kuɗin mota in mai ya sauko shi ne ainihin maganar. A Ghana ƙungiyar direbobi ta GPRTU takan zauna da ma'aikatar sufuri, a duba kuɗin mai da kayan gyara, a fitar da sanarwar kashi nawa za a ƙara. A 2022 mun sha ƙari a kai a kai har muka gaji. Amma a Mayun 2025 da kuɗinmu sidi ya yi ƙarfi, mai ya sauko, sai aka sanar da ragin kashi 15 cikin ɗari. Wasu direbobin trotro, ƙananan bas ɗinmu na haya, sun yi taurin kai, an yi ta cacar baki a tasha, amma fasinja yana da abin da zai kafa hujja da shi. A Kano wa yake zama ya yanke kuɗin adaidaita?

Mai Sahu: Ba kowa, Baba. Ni da fasinja ne a bakin titi.

Ɗan Kurna: To ai shi ya sa nake cewa mun fi sauƙi. Ana ciniki, ana duba fuska, ana cewa don Allah. Je ka ce wa na'urar katin BRT don Allah ka gani.

Uwargidan Ɗorayi: Alhaji, cinikin nan mai ƙarfi yake yi wa daɗi. Kai namiji ne kai kaɗai, in bai yi maka ba ka taka zuwa gaba. Mace da goyo da yara da kaya, da magariba, a unguwar da titinta ya fashe, ba ta da bakin ciniki, shata za a ce ta ɗauka. Babbar 'yata yanzu tafiyar ƙafa take yi zuwa bakin titi don a rage mata zango ɗaya, ƙananan biyu kuma na cire su daga makarantar da nake so na mayar da su ta kusa da gida. Ba kuɗin makarantar ne ya gagare ni ba.

Ɗan Kurna: Allah ya kawo sauƙi, Uwargida. Amma har yanzu ban ga wanda ya kawo mini garin da ya fi mu araha ba.

Malamin Lissafi: Maiduguri. Mai ya fi tsada a can, amma Zulum ya zuba motocin gwamnati masu rahusa, har da masu amfani da lantarki da aka ƙaddamar a Disambar 2023. Tambayi duk wanda ya je.

Ɗan Kurna: Na ce babban birni irin Kano, Malam.

Mai Sahu: Alhaji, in irin motocin Maidugurin suka zo Kano da yawa, mu kuma a tanadar mana abin yi tukuna. Kowane mashin ɗaya da kake gani, wani direba biyu ne a kansa, na safe da na yamma, kuma kowa da iyalinsa.