Tsintsiya (APC), lema (PDP) ko kwando (NNPP)? Musayar baitoci gab da zaɓen 2023

Sabon Mai Kati, Kano:

Assalamu alaikum iyaye da yayye. Bana na karɓi katin zaɓe karon farko, ga Asabar 25 ga Fabrairu ta matso. Tambayata a baiti take, a taimaka a amsa mini a baiti.

Da sunan Allah zan fara,
Salati ga Manzo in ƙara,
Iyaye ku ba ni shawara,
Gurin da zan dangwala ban sani ba.

Babana ɗan tsintsiya ne,
Kawuna na lema tun tuni ne,
Abokaina duk jar hula ne,
Ni ko ban ɗau ko ɗaya ba.

Ga Tinubu, ga Atiku, ga Kwankwaso,
Ga Obi shi ma yana da masu so,
Duk wanda na gani sai ya ce in taso,
Ban ga mai cewa in yi nazari ba.

Bara wata takwas malamai na yaji,
Muna zaune gida ba shiga aji,
Muka yi ta kuka ba wanda ya ji,
Wannan kam ban manta da shi ba.

Dattijon Mabuɗi:

Wa'alaikumus salam. Allah ya yi maka albarka, ɗana.

Zauna ka ji ɗan labari,
A 1979 muna samari,
Mabuɗin PRP muka ɗaga a gari,
Ba a ba mu ko sisin kwabo ba.

Malam Aminu uban talaka,
Tun NEPU, 1950, ake wannan harka,
Magabata sun sha ɗauri, sun sha duka,
Amma ba su sauya sheƙa ba.

Rimi ya hau Kano, Balarabe Kaduna,
Haraji da jangali suka soke mana,
Abin da jam'iyya ta faɗa da rana,
Ba ta janye shi da dare ba.

Don haka ɗana, jam'iyya ake bi,
Ka duba manufarta babi-babi,
In ta yi maka, dangwala bi da bi,
Sama da ƙasa, ban ce ka raba ba.

Malama daga Zariya:

Baba, ranka ya daɗe, a yi mini afuwa,
Wancan zamani ba ya dawowa,
Jam'iyyun yau ba su da tsayuwa,
Ba aƙida ce ta tara su ba.

Atiku ya yi PDP, ya yi AC,
Ya dawo, ya sake ficewa zuwa APC,
A 2017 ya koma gidan da ya san shi,
Manufa ba ta tare masa ƙofa ba.

Kwankwaso daga lema ya taso,
Ya ɗau tsintsiya, ya ajiye, ya komo,
Bara-baran nan ya rungumi kwando,
Obi ma bai kwana gida ɗaya ba.

Tsintsiyar ma a 2013 aka ɗaure ta,
ACN, CPC da ANPP suka haɗa ta,
Gwamnonin lema biyar suka zo suka cika ta,
To ina sabon jinin a nan, Baba?

A 2015 muka yi sak gaba ɗaya,
Guguwa ta kwaso har da ƙaya,
Wani ya je majalisa ya juya baya,
Ko lambar wayarsa bai bar mana ba.

Ƙanena, takardu uku za a ba ka,
Shugaban ƙasa, sanata, da wakilinka,
Kowacce ka auna ta da kanka,
Ba dole ne alama ɗaya ba.

Dattijon Mabuɗi:

'Yata, ke da kike jihar Kaduna ai ke ya kamata ki ba ni wannan labarin.

Ga abin da raba ƙuri'a ya tara:
Balarabe gwamna, majalisa ta NPN masu gida da masara,
Kwamishinoni suka hana shi ya fara,
Sunayen da ya kai ba su wuce ba.

Yunin 1981 suka tsige shi,
Bai cika shekara biyu ba suka fid da shi,
Mutumin kirki in ba mai mara mishi,
Ba zai kai ƙarshen zango ba.

Mai Adaidaita:

Ni ba malamin waƙa ba ne, ga tawa yadda ta zo.

Kuna ta tarihi, ni ina layi,
Na mai da rana, na banki cikin sanyi.

An sauya dubu, ɗari biyar, ɗari biyu,
Tsoho ya ƙi shiga, sabo ya ɓuya, ya za a rayu?

Fasinja ya sauka ya ce zai yi taransfa,
Alat bai shigo ba har na yi zufa.

Mai POS na yankar nasa a kowace dubu,
Ka sayi kuɗinka da kuɗinka, tausayi babu.

Duk wanda ya kawo taliya zan karɓa,
In na shiga dangwale, Allah kaɗai zai duba.

Goggo daga Gusau:

Ɗan nan, ka karya mana ƙafiya,
Kuma ka zo mana da zancen taliya,
In baki ya ci, ido ke jin kunya,
Ba ka iya tuhumar mai ba ka ba.

Mu mata mun fi ku sanin rabon nan,
Turmin atamfa, sabulu, omo, ga su nan,
Kafin a rantsar da shi sun ƙare tun can,
Shi ko shekara huɗu bai ƙare ba.

Mu Zamfara ai mun ga kowa,
ANPP ta yi, APC ta yi hawa,
A 2019 Kotun Ƙoli ta ce lema ke shigowa,
Ita ma ba ta daɗe a buɗe ba.

2021 gwamna ya ninke ta ya ɗau tsintsiya,
Gona dai har yau ba shiga lafiya,
Sai an biya 'yan bindiga kuɗin hanya,
Alama ta sauya, daji bai sauya ba.

Ni ma'aunina ba ya da wuya,
Ran da aka yi ɓarna wa ya zo gaisuwa da ta'aziyya?
Wa ya tashi a majalisa ya yi mana magiya?
Wanda bai yi ba, ban san shi ba.

Mai Adaidaita:

Goggo, na ji, Allah ya kawo mana sauƙi,
Amma yunwa ba ta san wa'azi ba, ita ma yaƙi.

Malama daga Zariya:

Allah ya jiƙan waɗanda aka rasa, Goggo. Baba, na karɓi misalin Balarabe, amma ba duka ba.

Majalisar da ta tsige mai gaskiya zalunci ta yi,
Wadda ke cewa na'am ga komai fa, me ta yi?
Bashi ya zo, ta sa hannu, ba gardama ta yi,
Wannan ma ba alheri ne gare mu ba.

Kai kuma mai Adaidaita, buɗe kunnenka,
Tinubu, Atiku da Obi sun faɗa da baki, ba a ɓoye maka,
Tallafin mai za su cire, ya shafi tankinka,
Ka tambayi me zai biyo baya, ba taliya ba.

Wani zai ce maka wannan namu ne,
Addininmu ɗaya, ko ɗan yankinmu ne,
Shekara takwas mai mulkin ma namu ne,
Bai hana a tare jirgin Kaduna ba.

Kuma ba yawan ƙuri'a kaɗai ke ba da kujera ba,
Sai da kashi 25 cikin ɗari a jihohi 24, ka duba,
Mai ƙarfi a jiha ɗaya, komai yawan taron da ya tara a gaba,
Lissafin ƙasa bai tsaya a garinsu ba.

Ɗan Jar Hula:

Malama, wannan baitin na ƙarshe da mu kike, mun gane.

Ni na ga gada, na ga makaranta,
Na ga ɗan talaka an kai shi waje ya karanta,
Ƙuri'ata shaida ce, ba caca ba ce ta riba da faɗuwa a kanta,
Ko bai ci ba, ban yi asara ba.

Dattijon Mabuɗi:

Ɗan jar hula, haka muka ce a zamanin Shagari,
Malam bai ci ƙasa ba, Kano ta ba shi gari,
Sai ga ɓangarorin PRP, santsi da taɓo, sun raba mu da wuri,
Ku dai ku roƙi Allah kada ku raba.

Sabon Mai Kati, Kano:

Na gode iyaye, Allah ya saka da alheri.

Na wakili na gama, na san gidansa,
Na san rijiyar da ya haƙa tun ba kujerarsa,
Na sanata ina bincike a kansa,
Na sama ne har yau ban yanke ba.

Baba, zan karanta manufa kamar yadda ka ce,
Yaya Malama, takarduna uku ne a rarrabe,
Goggo, tambayarki ita na riƙe,
Taliya kuwa ba a ma kawo layinmu ba.

Mai Adaidaita:

Ƙanena, in ta zo layinku ka kira ni,
Ranar kuma ba zirga-zirga, kada ka jira ni.

Ka ɗau katinka ka taka da sassafe,
Na'urar tantance masu zaɓe, BVAS, na son yatsa mai tsabta, ka wanke ka goge.