Neman shawara: me ya kamata in iya kafin in kama aiki a injin wanke roba?

Sabon hannu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka san aikin nan. Na daɗe ina ɓangaren ware roba a wata ma'aikata da ke sarrafa tsofaffin robobin ruwa, yanzu an ce wata mai zuwa za a maida ni layin wanki. Ni daga nesa abin da nake gani kawai a danna kore inji ya tashi, a danna ja ya tsaya, amma mutum biyu aka sa a wurin kafin ni kuma duk ba su jima ba aka cire su, wai masu saye suna dawo da kayan da suke fitarwa. Ina son aikin nan wallahi, bana so nima a cire ni. Me zan fara koya?

Tsohon ofareta:
Wa alaikumus salam ƙanina. Tunda daga warewa ka fito ai ka riga ka samu rabin aikin, dan wanda bai san roba ba ba zai iya wanke ta ba. Ka san lambobin da ke gindin roba, 1 PET, 2 HDPE, 3 PVC, 4 LDPE, 5 PP. To abin da zaka ƙara sani shine yadda kowacce take yi a cikin ruwa. PET, wato wadda ake yin jikin robar ruwa da ita, ta fi ruwa nauyi, wajen 1.38 ne nauyinta in ruwa 1 ne, dan haka nutsewa take, shi kuma murfi da zoben wuya da ake yi da PP ko HDPE basu kai 1 ba sai su taso sama. Duk aikin babban tankin ruwan da ke raba niƙaƙƙen kaya kenan. In ka cika masa kaya da yawa ko ruwan ya yi kauri da datti, zaka ga gutsuren murfi shuɗi da ja suna bin PET ƙasa, shikenan buhu ya ɓaci. Ka riƙa ɗibar kayan da hannu a bakin fita kana bazawa a tafin hannunka kana dubawa, ba sai an zo an gaya maka ba.

Amma babban abokin gabarka PVC ne. Shima nutsewa yake kamar PET, tanki ba zai raba su ba ko kwana zasu yi a ciki, kuma in aka zo narkarwa a zafin digiri 260 ko sama, PVC ƙonewa yake ya saki asid, kayan su yi rawaya da ɗigo ɗigon baƙi. Kwalbar roba ta PVC ɗaya tak tana iya jawo a ƙi karɓar buhu guda, shi yasa masu saye da ppm suke auna shi, wato kashi nawa ne cikin miliyan. Wasu lebul ɗin da ke lulluɓe kwalba gaba ɗaya ma PVC ne. Dole idonka ya kasance kan bel tun kafin kaya su shiga injin niƙa, in ya shiga an niƙe to magana ta ƙare.

Sai wankin zafi, ruwa digiri 80 zuwa 90 da kostik soda wajen kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari, shi ke cire gam da maiƙo. In zafin ya sauka gam ba zai fita ba, zaka ji kayan na danƙo a yatsa bayan sun bushe.

Bakanike:
Abin da baba ya faɗa haka yake. Ni ta ɓangarena zan ƙara, ka koyi sauraron inji. Injin niƙa mai kaifin wuƙa ƙararsa daban, in wuƙaƙen sun dakushe sai ya riƙa gurnani, agogon wutar moto ya hau, gari ya yi yawa, kuma garin nan asara ce dan ruwa ke tafiya da shi. Ka riƙa taɓa gidan boris da bayan hannu, ka san lokacin giris, ka duba rariya ko ta toshe. Maganaɗisu ƙarfe kawai yake kamawa, alminiyam wucewa yake abinsa. Kuma dan girman Allah in abu ya maƙale kar ka sa hannu dan kawai ka danna ja, kashe wutar daga babban makunni ka sa kwaɗo, makullin a aljihunka, ka jira wuƙaƙen su gama juyawa. Na ga wanda ya rasa yatsu uku saboda abokin aikinsa ya kunna bai san yana ciki ba, har yau in na tuna jikina sanyi yake.

Mai gwajin kaya:
Sannunku da ƙoƙari. Ɗan uwa ni a ɗakin gwaji nake, mu ne muke cewa kaya ya wuce ko bai wuce ba. Baba ka manta ɗauraya, da yawa suna zuba soda fiye da ƙima wai dan ya fi fita, sai ɗauraya ta kasa cire ta, ragowar ta bi kayan su yi fari fari kamar an barbaɗa musu hoda. Ka koyi amfani da takardar pH, wadda ke nuna ko da sauran soda a ruwa, ruwan ɗaurayar ƙarshe ya dawo kusa da 7. Laima kuma yawanci ƙasa da kashi 1 cikin ɗari ake so. Muna ɗibar samfur mu gasa a oven, PVC ya yi baƙi, gam ya yi ruwan ƙasa, ka roƙa a nuna maka ko sau ɗaya ne. Soda kuma ita ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa a kanta, zafi take yi ta fantsalo. Tabarau da safar hannu dole ne, in ta shiga ido a wanke da ruwa mai gudu aƙalla minti 15 sannan a nufi asibiti kai tsaye.

Sabon hannu:
Allah ya saka da alheri baba, yaya, da ke anti. Duk na rubuta a littafi. Tambaya ɗaya, wani lokacin ana kawo mana leda, ita ma haka ake wanke ta?

Tsohon ofareta:
A'a ƙanina, leda LDPE ce galibi, tasowa take, dan haka a tankinta ƙasa da yashi ne ke nutsewa kai kuma ka kwashi na sama. Wahalarta busarwa, tana riƙe ruwa sosai sai an bi da ita ta injin matsewa, kuma tana naɗe shaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa cikin inji, in ka tura da yawa lokaci guda. Kar ka taɓa haɗa ta a layi ɗaya da kwalba ba tare da an zubar da ruwan an wanke tankin ba.